Shekarar da Idanun Baba Suka Yi Rawaya

Jiya likitan haƙori ya yi mini allurar kashe zafi, na fito leɓena da harshena sun yi nauyi kamar ba nawa ba. Na zauna cikin mota ina jiran abin ya sake ni, ina ta ɗan cizon harshen ina jin shiru. A nan na tuna inda na fara sanin wannan yanayi. A barandar gidanmu ne, ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, ranar da na faki idon manya na tsoma yatsa cikin kwanon Baba na lasa.

Bari in fara kai ka gidan tukuna. Wasu dogayen benaye ne na jan bulo a nan Greensboro, ɗakuna jere da juna, kuma kusan duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa mutumin Nijar ne zai buɗe maka. Akwai na Maraɗi irinmu, akwai na Damagaram, akwai na Tawa. Matakalar benen kullum tana ƙamshin daddawa da turaren wuta. Manya suna yi mana Hausa, mu muna mayar musu da Turanci, su yi ta faɗa, mu yi ta yi. A ɗakinmu akwai Baba da Mama, da ni, da ƙanena da bai daɗe da fara tafiya ba, sai Kaka, mahaifiyar Baba, wadda ta zo jegon yaron ta zauna. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Ita kuma Kaka ba ta kiran nasa, don shi ne ɗanta na fari. Ɗan nan take cewa.

Baba yana aiki a wata masaƙa, shi luzin yake ce mata. Aikinsa ɗaukar manyan naɗin yadi daga inji zuwa inda ake lodi. Yana jin Faransanci sosai, amma Turancinsa a lokacin bai wuce na gaisuwa da na wurin aiki ba. Duk abin da ya fi haka, ni ce bakinsa. Ni ke ɗaukar waya, ni ke magana da mai gyaran famfo, ni ke tsayawa gaban malaman makarantata ina fassara wa iyayena abin da ake faɗa a kaina.

A bazarar shekarar, lokacin da itatuwa ke zubo da garin nan mai launin ɗorawa da ke lulluɓe motoci, aka fara raɗe-raɗin za a kwashe aikin masaƙar a kai wata ƙasa. Ba a rufe ta lokaci guda ba. Kowane ƙarshen mako sai a kira wasu a ce kada su dawo. Baba ba ya cikin waɗanda ake kira, amma jiran ya fi korar cin sa. Ya daina cin abinci sai ya tsakura. Waya in ta yi ƙara sai ya zabura. Yakan tsaya tsakiyar ɗaki ya dafe ƙirji, ya ce zuciyarsa tana gudu. Da safe in na fito shirin makaranta sai in same shi bisa darduma da kayan jiya, idanunsa ja, in gane bai runtsa ba. Mukan yi tafiya da sanɗa a gidan, har ƙanena ya koyi yin shiru in Baba ya shigo.

Akwai wani dattijo da suke aiki tare, mutumin wasu tsibirai ne can tsakiyar teku, ƙato mai furfura da sanyin magana. Shi ya lura da halin da Baba ke ciki. Wata Asabar ya gayyace shi gidan 'yarsa a Pleasant Garden, Baba ya tafi da ni don in yi masa fassara. Ban taɓa ganin gida mai fili irin wannan ba, ciyawa kore shar har bakin daji. Abin da ya ba Baba mamaki shi ne mazan gidan a ƙasa suke zaune bisa tabarma, sun kewaye wani babban akushi, kamar dai mutanen gida. Ɗaya yana matse wani tsumma cikin ruwa, ruwan yana komawa launin laka. In an miƙa wa mutum a ƙoƙon kwakwa sai ya tafa hannu ya shanye, a ci gaba da hira ƙasa-ƙasa.

Dattijon ya ce sunan abin kava, saiwar wani tsiro ce ake busarwa a daka. Ya ce tana kwantar da jiki, tana sa mutum ya sami barci. Baba ya miƙa hannu zai karɓi ƙoƙon, sai dattijon ya tambaye ni wa zai tuƙa mu gida. Na ce Baba. Ya janye ƙoƙon, ya ce to ba yau ba. Ya ƙulla masa garin a leda, sannan ya zaunar da ni kusa da shi ya ce in faɗa wa mahaifina komai, kada in rage. Saiwar zalla ake sha, da ruwa zalla. Ba a haɗa ta da giya. Da na fassara wannan Baba ya yi dariya ya ce a'uzubillahi, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ba a tuƙi bayan an sha. Ba a shan ta kullum. Mai shan maganin asibiti ba ya taɓa ta sai ya tambayi likita. Kuma, in ji shi, a garinsu mutum ba ya zama ya sha ta shi kaɗai.

Da muka dawo Kaka ta shinshina ledar ta ce, "Me aka ce sunanta?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Kaba? Wadda ake saƙa tabarma? Yanzu ita ake jiƙa wa mutane su sha?"

Har ta bar duniya kaba take ce mata. Mama kuwa ba dariya a ranta. Tsoronta kada abin ya zama dangin kayan maye. Sai da ta sa Baba ya tambayi limaminmu bayan sallar Juma'a. Malam ya ce shi bai san tsiron ba, ba kuma zai yanke hukunci a kan abin da bai sani ba, amma Baba ya lura da kansa: in ya ga tana taɓa masa hankali ko tana sa shi wasa da salla, ya bar ta. Mama ba ta gamsu ba, ta dai ƙyale shi.

Farkon zafin shekarar nan shi ne lokacin da na fi so in tuna. Ranar da babu aiki washegari, bayan la'asar, Baba yakan fito baranda da kwanon silba da wani farin ƙyalle da Mama ta yanka masa. Ya zuba garin, ya ƙulle, ya yi ta matsawa cikin ruwa a hankali. Iska tana da nauyi da danshi, ƙwarin nan masu ƙara suna ta tsuwa a kan itatuwa. Kaka takan jawo kujerarta ta zauna kusa da shi da carbinta, tunda an ce ba a sha shi kaɗai, ko da yake ita ba ta taɓa kai wa bakinta ba. Ya sha, ya jingina da bango, kafaɗunsa su sauko. Sai su shiga hirar Maraɗi, wane ya rasu, wance ta aurar da jika, gonar wane ce ke bakin gulbi. A irin wannan yammaci ne na lasa. Ɗanɗanon ƙasa ne da ɗan yaji, harshena ya mutu, na tsorata na ruga na kurkure baki, ban gaya wa kowa ba sai da na girma.

Ana cikin haka aka sallami dattijon. Ba da daɗewa ba 'yarsa ta sami aiki a wata jiha, suka tashi gaba ɗaya. Garin da ya ba Baba ya ƙare, kora kuma ta matso har sashensu. Wata rana Baba ya dawo da wata ƙaramar kwalba da ya saya a shagon da ake sayar da magungunan ganye. Ƙwayoyi ne, an rubuta kava a jiki. Ya ce wannan ya fi sauƙi, ba jiƙo, ba matsa. Daga nan zaman baranda ya mutu. Kaka ta jawo kujerarta sau da yawa ta zauna ita kaɗai, daga baya ta daina. Baba yakan haɗiyi ƙwayar a tsaye bakin famfo, da farko da yamma kawai, daga baya har da safe. Bayansa kuma yana ciwo saboda ɗaukar kaya, kuma ba ya son shugaban sashensu ya ga yana ɗingishi, don haka yana haɗawa da maganin ciwon jiki irin wanda ake saya ba sai da takardar likita ba, yana sha fiye da yadda aka ce. Na tuna abin da dattijon ya sa na fassara. Na so in yi magana. Amma yaya yarinya za ta tsaya gaban mahaifinta ta ce ya yi ba daidai ba? Na yi ta kallon kwalbar a saman firij ina lura da yadda take raguwa.

Fatarsa ce ta fara bushewa, ta yi saɓa kamar bayan kifi, a tsakiyar zafin da kowa ke zufa. Sai tashin zuciya. Ƙamshin miyar Mama ma ya zame masa abin gudu. Yakan hau matakala ya tsaya a tsakiya yana haki. Na ji Mama tana gaya wa Kaka a kicin, murya ƙasa, cewa fitsarinsa ya koma kamar shayi. Na yi kamar ban ji ba, amma ranar a makaranta ko kalma ɗaya ba ta shiga kaina ba.

Wata safiya yana ɗaure takalmin aiki Kaka ta ce, "Ɗan nan, zo nan bakin taga."

Ta kama haɓarsa kamar ƙaramin yaro, ta juya fuskarsa wajen haske, ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa. Ina tsaye da jakar makaranta, na gani. Farin idon ya yi rawaya.

Ta ce, "Shawara ce. Yau ba inda za ka je sai wurin lokotoro."

Ya ce gajiya ce kawai, ba sai an ga likita ba. Ya ce in ya yi fashi yau ya ba su dalili, su da suke neman wanda za su cire. Mama ta sa baki tana kuka, ya ce ta bari. Ya ɗauki makullin mota. Sai Kaka ta bar bakin tagar. Ta ja mayafinta, ta taka a hankali zuwa ƙofar fita, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu daga wannan bango zuwa wancan.

Ta ce, "To bismilla. Tsallake ni ka wuce."

Ya daɗe a tsaye. Ina jin ƙarar firij, ina jin bas ɗin makarantarmu ya tsaya a waje ya tashi ba ni. Daga ƙarshe ya ajiye makullin bisa tebur.

Bas muka hau, don Kaka ta ce ba zai tuƙa ba a wannan hali, Mama kuma dole ta zauna da ƙanena. Muka sauka babbar tasha a tsakiyar gari, muka canza wata. Duk hanya yana jingine da gilashi ido rufe, ni kuma ina kallon ƙirjinsa in tabbatar yana motsi.

Likitar mace ce, mai ƙananan hannaye masu sanyi. Ta duba idonsa, ta danna gefen cikinsa na dama ya yi ƙara. Tana tambaya ina fassarawa. Yana shan giya? A'a. Ya yi tafiya kwanan nan? A'a. Wane magani yake sha? Baba ya faɗi na ciwon baya, ta tambayi yawan da yake sha, da na faɗa mata ta ɗago kai ta dube shi. Sannan ta ce, akwai wani abu kuma? Ganye, saiwa, shayi na magani, ko wani abu da aka saya a shago, komai ƙanƙantarsa?

Na juya na faɗa wa Baba. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ki ce mata babu."

Na san dalilinsa, ko a lokacin. Takardunmu na zama ba su gama fitowa ba, kuma a benenmu kowa ya yarda duk abin da aka rubuta a kanka a ƙasar nan yana nan yana jiranka. Yana tsoron a rubuta cewa yana shan ƙwaya, labari ya kai wurin aiki, ko ya kai inda ya fi wurin aiki. Likitar tana jira, alƙalami a hannu. Ban taɓa sauya maganar Baba ba, ban kuma taɓa ƙin isar da ita ba. Amma ina ganin idon nan nasa, kuma na san duk abin da matar nan za ta yi masa, a kan abin da ya fito daga bakina za ta gina shi.

Na ce masa da Hausa, "Baba, in na ce babu, ta ba ka maganin da bai dace ba fa?"

Ya kawar da kai.

Na ce, "Ba zan iya ba, Baba." Hawaye suka zubo mini.

Likitar ta dube ni, ta dube shi. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalman aikinsa. Can ya sa hannu cikin aljihun rigarsa ya fito da kwalbar, ashe tana tare da shi, ya ɗora bisa tebur.

Ya ce, "Faɗa mata duka, Uwata."

Na faɗa mata, tun daga tabarmar gidan dattijo har zuwa bakin famfo. Ta juya kwalbar tana karantawa. Ta ce abin ba haramtacce ba ne a doka, babu wanda za ta kai wa rahoto, kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya. Sai da na maimaita wa Baba wannan sau biyu. Ta ce hantarsa ce ta kumbura. Ba za ta iya rantsuwa ko ƙwayar kava ce ta jawo ba, ko maganin ciwon bayan da ya yi yawa, ko haɗuwarsu, amma dukansu ta hanta suke bi, kuma daga yau ya bar su gaba ɗaya. Aka ɗebi jininsa. Ta ce za a sake ɗiba bayan 'yan kwanaki a ga ko abin yana sauka ko yana hawa. In ya fara ruɗewa, ko barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, a kira motar asibiti nan take. Wannan ma ni na fassara, kuma ni na kwana da shi a raina.

A hanyar dawowa bai yi mini magana ba. Na ɗauka fushi yake. Sai da muka zo sauka a babbar tasha ya ɗora hannunsa a kaina, ya dogara da ni ya taka matakalar bas ɗin. Hannun ya daɗe a wurin bayan mun sauka.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta maka su ba. Yana kwance a falo, Kaka tana dama masa kunu marar mai. Maƙwabta suka yi ta kawo saiwoyi da sassaƙe da aka aiko musu daga gida, kowa da wanda ya warkar da wani nasa. Kaka, wadda ta fi kowa yarda da irin waɗannan, ta karɓa ta yi godiya ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce cikin da aka ce ya gaji ba za ta ƙara masa kaya ba. Ni kuwa ina dawowa makaranta sai in je in tsaya kansa in yi masa wata tambaya ta banza, wace rana ce yau, ina makullin akwatin wasiƙa, don kawai in ji ko hankalinsa yana nan. Ya gane abin da nake yi. Yakan amsa mini a natse.

Ranar da aka bugo daga asibitin, bayan ɗiban jini na biyu, duk gidan suka tsaya suna kallon bakina. Matar tana magana da sauri, tana faɗin kalmomin da ba a koya mana a aji ba. Na ce ta yi haƙuri ta sake. Ta sake. Na ce ta faɗa mini kamar yadda za ta faɗa wa yaro. Ina jin a lokacin ta gane da wa take magana. Ta ce yana samun sauƙi, hantar tana farfaɗowa. Na ajiye wayar na faɗa musu. Mama ta zame ta zauna a ƙasa. Kaka ta ɗaga hannuwa sama.

Rawayar ta washe a hankali, daidai lokacin da ganyen itatuwa suka fara ja suna zubowa. Aikin kuwa ya tafi. Kafin sanyi ya shigo aka rufe sashensu duka, da wanda ya yi fashi da wanda bai taɓa yi ba. Abin mamaki, ranar da aka sallame shi ya ci tuwo ya ƙara. Mazan benenmu da abin ya shafa suka fara haɗuwa a ɗakin wani Alhaji na ƙasa, suna dafa shayi a ƙaramar buta, suna faɗa wa juna inda ake ɗaukar ma'aikata. Ta nan ya sami aikin tuƙa motar kai kaya. Faɗuwar gaban ba ta rabu da shi ɗungurungum ba, takan dawo masa lokaci lokaci, amma ya koyi faɗa, ya kuma yarda likita ta san da ita.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, mutanen benen sun watse cikin unguwanni, masaƙar an mai da ita gidajen haya masu tsada. Kava kuwa ta zama abin yayi. Nakan ga samari da 'yan mata suna shan ta a shaguna masu fitilu da kiɗa, wasu sun san ƙa'idarta, wasu ba su sani ba. Ban riƙe saiwar a raina ba. Na ga lokacin da ta ba mahaifina barci, na kuma ga abin da ya biyo baya da aka cire ta daga hannun waɗanda suka san ta. In wani nawa ya ce zai gwada, nakan tambaye shi wane magani yake sha, in ce ya fara jin ta bakin likitansa, in kuma ce kada ya ɓoye.

Baba ya tsufa, ni ke kai shi asibiti duba hawan jini. Yanzu suna da tafinta a waya, babba, mai jin Hausa, ba a ƙara tsayar da yaro tsakanin uba da likita. Yakan tattaro duk abin da yake sha a leda, har da zumar da aka aiko masa daga Maraɗi, ya juye musu bisa tebur tun kafin su tambaya. Zuwanmu na ƙarshe da aka kira shi na miƙe zan bi shi kamar kullum, sai ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Zauna, Uwata. Kin yi naki tun kina ƙarama."

Na koma na zauna. Ƙofar ta rufe, ina jin muryarsa daga ciki yana gaishe su da Turancinsa, a hankali, ba ya sauri.